Ranar da Na Zaunar da Surukai a Tebur Ɗaya

Duk shekara sai an turo mini ku, ɗaliban koyon malanta, biyu ko uku, da sababbin jakunkuna da takalma masu ƙyalli. Kuma duk shekara, da zarar na buɗe akwatin ƙarfen nan na ɗora wa wani ƙato hular jandarma, ɗan sandan ƙasashen Faransanci, sai in ga kuna haɗa ido kuna murmushi. Na san abin da ke ranku. Cewa kuke tsohon nan ya samo hanyar hutawa, ɗalibai na ta shirme shi kuwa yana zaune. Bara ma wata 'yar'uwarku ba ta ɓoye ba, ta ce mini, "Baba, ai wannan ba koyarwa ba ce, dirama ce." Na ce to madalla, gobe ke za ki karɓi aji. Washegari ta fito da mutum biyu, ta ce wannan mai kanti, wannan mai saye, ku fara. Suka tsaya suna kallon juna, aji ya kwashe da dariya, ita kuma gumi ya jiƙa mata hijabi. Ko minti biyar ba a yi ba ta nemi ruwan sha. Saboda haka ku gyara zama. Na haura shekara talatin ina koyar da Faransanci da wasan kwaikwayo a garin nan na Suleja, kuma har gobe koyon abin nake.

Wadda ta koya mini sana'ar wata mata ce 'yar Togo, Madam Afi, gajeruwa mai ƙatuwar murya. Ni daga Zariya na zo, da takardar shaida a hannu, ina ji da kaina don babu dokar nahawun Faransanci da ban haddace ba. Aka ba ni aiki a sakandaren da take shugabar sashe. Ran farko ta ajiye gwangwanin madara a kan tebur, ta koma bayansa, ta ce da Faransanci ita mai kanti ce, in saya. Wallahi bakina ya mutu. Na san kalmar madara, na san kalmar saye, amma na rasa yadda ake haɗa su a gaban mutumin da ya zuba maka ido. Ta girgiza kai, ta ce da Hausarta ta baƙi, "Malam Isyaku, kai ka sani littafi, ba ka sani mutum. Oya, ɗauki akwati."

Shekara biyu ina ɗaukar akwatin nan daga aji zuwa aji, ban da shara da goge allo. A nan na ga yadda take aiki. Ba ta rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Sai ta ja mai kanti gefe ta raɗa masa cewa madara ta ƙare, amma kada ya bar mai saye ya fita hannu banza. Ta ja mai saye ta raɗa masa cewa baƙi na gidansa, shayi na kan wuta. Daga nan sai ta koma ta naɗe hannu. Kowa na da abin da yake so, dole baki ya buɗe. Wata rana wani ɗalibi ya yi kuskure a tsakiyar wasa, na yi wuf na gyara masa. Yaron ya yi shiru, bai sake cewa uffan ba har aka tashi. Madam Afi ta taka mini ƙafa da takalminta mai tsini, ta ce in riƙe gyarana a takarda sai an gama. Har yanzu in na ji bakina na ƙaiƙayin gyara, sai in tuna da babbar yatsata.

Da ta yi ritaya za ta koma gida, ta bar mini akwatin. Ku leƙa ku gani. Ga hular jandarma, ga usur, ga tsohuwar wayar tebur da ba ta da igiya, ga tabarau ba gilashi, ga farar rigar likita da aka ɗinka da zanen gado, ga hatimin da wani mai faci ya yanka mini daga tsohuwar taya. Ga kuma kwat ɗin nan ruwan toka, da ƙulle-ƙullen katuna masu sunayen aro. Duk wanda zai shiga wasa sai ya zari kati, ya zama Misiye wane ko Madam wance. Kada ku raina katin nan. Mutumin da ke jin kunyar yin kuskure da sunansa, ba ruwansa in wani Misiye Pol ne ya yi kuskuren.

Usur ɗin nan kuwa ya taɓa jawo mini rigima. Bayan na bar aikin gwamnati na kama wani shago a unguwar Wambai na buɗe ajin manya, 'yan kasuwa masu zuwa Kwatano da Lome da Maraɗi da safe, direbobi da masu neman aiki a Abuja da yamma. A cikin 'yan safe akwai wani tela, Malam Sani, mutum shiru-shiru wanda ko gaisuwa sai ka kasa kunne. Na ce bari in ba shi jandarman boda ko bakinsa ya buɗe. Na ɗora masa hula, na rataya masa usur. Jama'a, ashe azzalumi ne Allah bai ba shi dama ba! Ya tsare layi, ya zazzage jakar kowa, ya ce hoton da ke takardar wani ba nasa ba ne, ya tsugunar da wani Alhaji a rana, duk da Faransanci tiryan-tiryan. Da ƙyar muka ƙwace hular. A rana ɗaya ajin ya koyi kalmomin ba da haƙuri fiye da abin da na koyar a wata guda.

Mata kuwa ba su ba ni wahala a wasan kasuwa. Hajiya Mairo mai sayar da leshi, in aka sa ta ciniki, ko kalma goma ce a bakinta sai ta juya su har mai kanti ya gaji ya sallama. Inda ake samun matsala shi ne rabon matsayi. Ba mai son zama ɓarawo, domin a garin nan suna ba ya wuyar kama mutum. Wani da ya yi mana majinyaci sau ɗaya, ya yi ta nishi yana birgima a benci, har yau in ya shiga kasuwa tambayarsa ake ya jiki. Ba ka sa namiji ya zama mijin matar wani ko da wasa. Ba ka sa ƙane ya daka wa wansa tsawa. Rabin sana'ar nan sanin wa za ka haɗa da wa ne, kuma a nan ne na taɓa tafka kuskuren da ban manta ba.

Shekarar da aka rufe boda ce. 'Yan kasuwa suka daina tafiya, suka daina zuwa aji, don wa zai koyi yaren garin da ba zai shiga ba? Bencuna suka yi ƙura. 'Yan safe suka rage saura uku, 'yan yamma biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, har na fara tunanin mayar wa mai shago makullinsa. Daga baya na ce me zai sa in riƙa buɗe ƙofa sau biyu saboda mutum biyar? Na haɗe ajin biyu ya koma ɗaya, bayan La'asar. Ban tambayi kowa ba.

A cikin 'yan yamma akwai Ɗanlami, direba ne mazaunin Garam, magidanci mai 'ya'ya biyu. Da yana jan motar haya tsakanin Suleja da Abuja, sai mai motar ya sayar da ita, ya koma zaman gida. Ana haka wani ofis a Abuja ya nemi direba mai jin Faransanci, saboda shugabansu da shi yake magana. Ɗanlami ya cike fom, aka kira shi intabiyu, saura sati biyu. Yare kam ya iya, in ni da shi ne har barkwanci yake. Ciwonsa ɗaya ne, da ya ga babban mutum sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, murya ta maƙale. A gidajenmu wannan tarbiyya ce mai kyau. A gaban mai intabiyu kuwa, wanda ke son ka zauna ka dube shi ka amsa, sai a ce ba ka jin yaren. Abin da yake bukata shi ne wani mai kwarjini ya riƙa yi masa tambayoyi har tsoron ya sake shi.

Cikin 'yan safe kuma ga Alhaji Bawa, dillalin motoci ɗan asalin Wambai, dogo kakkaura mai farin gemu, wanda in ya yi gyaran murya sai ka ji a cikinka. Shi bai daina zuwa ba, ya ce zaman gida gundurarsa yake. Ina ganin shi na ce Allah ya kawo mini mai intabiyu har gida.

Ran da aka fara haɗa ajin na lura da wasu abubuwa, amma kaina bai kawo ba. Ɗanlami ya shigo, ya ga Alhaji, ya ja da baya ya tuɓe takalmi, ya tsuguna can bakin ƙofa ya yi gaisuwa ƙasa-ƙasa. Alhaji ya amsa yana kallon allo. Ɗanlami bai hau benci ba, ya zauna a ƙasa bayan kowa. Na ce a raina ladabin nan nasa ne ya motsa. Na jawo tebur tsakiya, na ajiye kujera biyu suna fuskantar juna, na ce, "Alhaji, bismilla, kai ne shugaban ofis. Ɗanlami, taso ka zauna nan, ka dube shi cikin ido, ka miƙa masa hannu."

Hajiya Mairo ta ja mayafi ta rufe baki. Malam Sani ya hau duba farcensa. Ni kuma, da yake ban san dawan garin ba, na ƙara da cewa, "Haba Ɗanlami, ba cinye ka zai yi ba. Tashi mana!" Ya miƙe a hankali, ya tako kamar zai zo, sai ya juya ya fice. Takalminsa ma a hannu ya ɗauka. Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce yana da uzuri, shi ma ya fita.

Hajiya Mairo ta sauke mayafin ta ce, "Malam, kai kuwa yau me ya hau kanka? Ba ka san Ɗanlami ne ke auren 'yar Alhaji ba?"

Na ce, "Inna lillahi! Hajiya, kuna gani kuka bar ni?"

Ta ce, "To wa zai faɗa a gabansu? Ai shi ya sa ɗaya ke zuwa da safe ɗaya da yamma. Alhajin ne ma ya aika ta bakin matarsa aka ce wa yaron ya zo ya koya."

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Ni Bahaushe, mai surukai a gida, na ga mutum ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa amma ban gane ba.

Kwana uku Ɗanlami bai zo ba. A na huɗu na hau babur na tafi Garam, na same shi a ƙofar gida yana wanke motar maƙwabci. Na ba shi haƙuri, na ce ya dawo, saura kwana goma. Ya matse tsumman hannunsa ya ce, "Malam, ni in zauna a kujera Baba na kujera? In kalli tsabar idonsa? Shekara shida da aurena ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Abeg, ka bar maganar. In aikin ne ya wuce."

Na ce to ni zan zama shugaban ofis ɗin. Muka gwada nan take a kan dakali, ya amsa komai ba gargada. Amma ni da shi mun san wannan ba gwaji ba ne, don ni ba ya tsorona. Na koma gida jiki a sanyaye, ina ganin na kashe wa bawan Allah hanyar abincinsa da hannuna.

Washegari da hantsi ina share shago sai ga Alhaji Bawa. Bayan gaisuwa ya zauna, ya ce, "Malam, wannan shugaban ofis da ka ce in zama, yana da suna?"

Na jawo katunan na zaro ɗaya na ce, "Misiye Bernar."

"Yana da 'ya?"

Na ce, "Ba a rubuta ba, Alhaji."

Ya ce, "To ba shi da ita. Wanda ba shi da 'ya kuwa ba shi da suruki. Ka aika wa yaron nan cewa Alhaji Bawa ya ɗauki hutu, ba zai zo aji ba sai bayan sati biyu. Bernar ne zai riƙa zuwa."

Ya kafa sharuɗɗa. Shi zai riga kowa zuwa, ya kuma fita bayan kowa. Za a rufe ƙofa. Ba za a yi Hausa ko kalma ɗaya a ciki ba. Abin da ya faru a shagon kuma a shagon zai tsaya. Hajiya Mairo ce ta kai saƙon ta wajen matar Ɗanlami, kuma ban san abin da matar ta gaya masa ba, amma da La'asar sai ga shi.

Abin da ya tarar ni ma ban taɓa gani ba. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya cire hula, mutumin da ko a wajen alwala ba ka cika ganin kansa ba. Ya cusa jikinsa cikin kwat ɗin nan har ɗinkin hammata ya ɓalle, ya maƙala tabarau, ya harɗe ƙafa. Ɗanlami na shigowa gwiwarsa ta nufi ƙasa. Alhaji ya buga tebur ya daka tsawa da Faransanci, ya ce nan ofis ne, a tashi a zauna. Ɗanlami ya ɗosana a bakin kujera. A ranar sunansa kawai ya iya faɗa, shi ma tebur ya gaya wa.

Ban gyara kowa ba. Rana ta biyu ya faɗi shekarunsa da inda ya yi aiki. Ta uku ya ɗago kai har wajen gemu. Faransancin Alhaji na kasuwa ne, a karye yake, amma ya iya tsare mutum. Ya tambaye shi hanyar filin jirgi in an samu cunkoso, da abin da zai yi in taya ta fashe oga na sauri, da dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar wasu. In amsa ta yi ƙasa-ƙasa sai ya kama kunne ya ce shi kurma ne, a ɗaga murya.

A rana ta shida ne abin ya faru. Alhaji ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Kana da aure?" Ɗanlami ya ce yana da shi. "Surukinka wane irin mutum ne?" Hajiya Mairo ta sake jan mayafi. Ɗanlami ya ɗago ya dube shi sosai, ya ce da Faransanci mai kyau, "Misiye, mutumin kirki ne, babu kamarsa. Sai dai bai iya tuƙi ba. Ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloc."

Gemun Alhaji ya hau rawa. Ya cije leɓe, ya kumbura kumatu, ya jawo hatimin taya ya buga a takarda da ƙarfi, ya ce an ɗauke ka aiki, fita. Ƙofa na rufuwa Alhaji ya kife a tebur yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Ɗan banza! Ashe yana lura!" Wannan ce kaɗai Hausar da aka yi a shagon cikin kwanakin nan.

Ran intabiyu Ɗanlami ya bi motar safe ya tafi Abuja. Ni kuwa na kasa zama, na share shagon sau biyu. Wajen Azahar wayata ta yi ƙara. Ya ce, "Malam, sun ce in fara ran Litinin." Na yi hamdala da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo. Na ce yaya ogan yake? Ya ce, "Wani ɗan siririn mutum ne mai fara'a. Malam, wanda ya zauna gaban Baba, wannan ai hira ce."

To kun ji. Kafin ku buɗe akwati, ku fara sanin waɗanda ke zaune a bencinku, wa ya haifi wa, wa ke auren 'yar wa. Wannan ba ya cikin littattafan da aka ba ku a kwaleji.

Bayan wata huɗu ko biyar da Ɗanlami ya samu aikin, ina shirin fara aji, sai wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ita ce Bilkisu matar Ɗanlami, ƙara ta kawo. Na ce Allah ya sa lafiya.

Ta ce, "Malam, kai ka jawo. Da in mun je gida, gaisuwa ce kawai daga bakin zaure, shi ke nan. Yanzu duk Juma'a bayan masallaci sai su shige zaure su turo ƙofa, shi da Baba, su yi ta yarenku suna ƙyaƙyata dariya. In sun fito kuma ya tsuguna, Baba ya kau da kai, kamar ba su ba."

Na ce, "To ai wannan abin farin ciki ne, 'yata."

Ta ce, "Ban ce ba. Amma ni ce 'yar fari a gidanmu, Malam. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, sai dai ya ce ke, ko ya ce yarinyar nan. Juma'ar da ta wuce na kai musu ruwa, ina bakin ƙofa na ji ya ce Bilkisu, sau biyu, a cikin yaren." Ta gyara goyonta, ta share ido da gefen mayafi. "Ka sa ni a ajin. Ina so in san abin da yake faɗa."